Mayar da Littattafan Hausa daga Rubutu Tsura zuwa Kundi Mai Gyaruwa: Matsaloli da Hanyar Aiki, bisa Misalin Gundumar Dakoro

1. Gabatarwa

Tun daga 1963, lokacin da gwamnatin Nijar ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, masu tsara aikin suka gane cewa koya wa baligi baƙi da wasali shi ne rabin aiki mai sauƙi. Rabin da ya fi wuya shi ne samar masa abin karantawa bayan ya sauke karatu, domin wanda ya koyi rubutu da rani, idan damina ta wuce bai ɗora idonsa a kan takarda ba, kafin wata kaka ya kusa komawa inda ya fito. Wannan ne dalilin kafa jaridun karkara irin su Gangaa, da Saabon Ra'ayii a jihar Tawa, da Kasaa May Albarka a Maradi, da Muryar Damagaram. Bukatar nan ta ƙaru da buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, ta kuma sake ƙaruwa a watan Maris na 2025, sa'ad da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

A yau rubutun Hausa mai yawa yana ajiye cikin kwamfuta da wayoyin hannu, kuma kaso babba daga cikinsa yana cikin sigar da za mu kira rubutu tsura. Mai kula da cibiyoyin yaƙi da jahilci a gundumar Dakoro, arewa da Maradi, yana iya mallakar littattafai masu yawa a wayarsa, amma ya kasa buga ko ɗaya daga cikinsu yadda manomin Kornaka ko makiyayin kwarin Tarka zai karanta shi ba da wahala ba. Kafin haka ta yiwu sai an mayar da littafin kundi mai gyaruwa, watau wanda za a iya ƙara masa girman haruffa, a sauya misalansa, a sa masa hotuna, a sake buga shi duk lokacin da aka so.

Makasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake wannan aiki. Abin da muke son tabbatarwa guda ne: mayar da rubutun Hausa daga wannan siga zuwa waccan aikin masanin harshe ne kafin ya zama aikin na'ura, kuma yana da jerin matakai wanda idan aka saɓa masa, ɓarnar da za ta auku ba ta gyaruwa sai da sake karanta littafin kalma bayan kalma.

2. Bambancin sigogin biyu

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa a madadinsa. Rubutu tsura shi ne fayil wanda babu kome a cikinsa sai jerin lambobin haruffa, da na alamomin rubutu, da alamar ƙarshen layi. Tsohon tsarin lambobin da ake kira ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a ciki, kai ko é ta Faransanci ma babu. Da wannan tsari ne Michael Hart ya fara Project Gutenberg a 1971, taskar littattafan kwamfuta mafi daɗewa, kuma ya zaɓe shi ne saboda kowace na'ura tana iya buɗe shi. Wannan ita ce fa'idar rubutu tsura har gobe: ba ya da nauyi, ba ya tsufa.

Kundin manhajar sarrafa rubutu, irin Word ko LibreOffice Writer, abu uku ya ƙunsa. Akwai haruffan kansu. Akwai tsari, watau sanin cewa wannan layi kan babi ne, wancan sakin layi ne, wancan kuma baitin waƙa. Akwai kuma kamannin shafi, watau zubin haruffa da girmansu da faɗin gefe. Sigogi biyu ne suka fi yaɗuwa: ODT, wadda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta amince da ita a 2006, da DOCX, wadda ta zo da Word na 2007.

Ke nan rubutu tsura yana ɗauke da na farko kaɗai cikin abubuwan nan uku, shi ma sau da yawa a gurgunce. Wanda ya buɗe shi da Word ya sake ajiye shi da sunan DOCX ya sauya wa tuwo suna ne kurum. Abin da ya ɓace tun farko yana nan a ɓace.

3. Inda rubutun yake fitowa

Rubutun da ke zuwa hannun ma'aikaci a wuri kamar Dakoro iri uku ne, kowane da ciwonsa.

(a) Tsofaffin ƙasidu da jaridun da aka buga da tafireta a kan sitansil, aka sake buga su a kwamfuta, ko aka ɗauki hoton shafinsu aka bar manhaja ta gane haruffan. Tafiretar Faransanci ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, don haka ko dai a ƙara ƙugiyar da hannu, ko a ɗora wata alama kusa da baƙin, ko a bar shi haka. Manhajar gane haruffa kuwa, idan da Faransanci aka horar da ita, takan karanta ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d.

(b) Fayilolin shekarun 1990 da farkon 2000, waɗanda aka rubuta da zubin haruffa na gida. Dabarar lokacin ita ce a ɗauki gurbin wata alamar da ba a bukata a zana ƙ ko ɓ a ciki. Muddin zubin yana cikin na'ura, rubutu yana fita daidai. Ranar da aka kai fayil wata na'ura, ko aka mayar da shi rubutu tsura, sai tsohuwar alamar ta dawo gurbinta.

(c) Rubutun zamanin waya: labaran ƙirƙira da marubuta ke rarrabawa ta WhatsApp, da wa'azi, da sanarwa, galibinsu daga Nijeriya, galibinsu kuma babu ƙugiya ko ɗaya. A nan ne kuma za a sa littattafan yara na taskoki irin su African Storybook da Bloom, waɗanda aka ba da izinin juya su da sake buga su bisa sharuɗɗan da ke rubuce a jikin kowane littafi.

Wajibi ne a san asalin fayil kafin a taɓa shi, domin maganin (b) ba ya warkar da (c).

4. Matsalar haruffa

4.1 Lambobin baƙaƙe masu ƙugiya

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙin Hausa lambarsa ta dindindin:

(1) ɓ U+0253, Ɓ U+0181
(2) ɗ U+0257, Ɗ U+018A
(3) ƙ U+0199, Ƙ U+0198
(4) ƴ U+01B4, Ƴ U+01B3

Hanyar da aka fi bi wajen ajiye waɗannan lambobi ita ce UTF-8, wadda aka ƙirƙiro a 1992. Manufar matakin farko ita ce kowane baƙi mai ƙugiya a cikin littafin ya koma lambarsa ta Unicode, ba wata alama mai kama da shi ba.

4.2 Halaye huɗu

Hali na farko shi ne rubutun da ke da lafiya amma aka buɗe shi ta ƙofar da ba tasa ba. A UTF-8 kowane baƙi mai ƙugiya bayit biyu yake ci. Idan manhaja ta ɗauka fayil ɗin na tsohon tsarin Windows ne na Yammacin Turai, sai ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa:

(5) ƙ ta zama Æ™, ɓ ta zama É“, ɗ ta zama É—, ƴ ta zama Æ´

Wanda ya ga haka kada ya fara gyara da hannu, kada kuma ya ajiye fayil ɗin. Ya rufe shi, ya sake buɗewa, ya zaɓi UTF-8 lokacin da manhaja ta tambaye shi. Rubutu zai dawo cif.

Hali na biyu shi ne na zubin gida da aka ambata a 3(b). A nan sai an yi jadawali: kowace baƙuwar alama da baƙin da take wakilta, ƙarami da babba, sa'an nan a musanya su ɗaya bayan ɗaya. Aikin DiLAF na farkon shekarun 2010, wanda masana daga jami'o'in Faransa suka yi tare da takwarorinsu na Afirka ta Yamma, har da na INDRAP a Yamai, domin sa ƙamusun Hausa da Barbarci da Tamajak da Zabarmanci da Bambaranci a intanet, sai da ya bi ta wannan mataki kafin kome.

Hali na uku shi ne inda aka wakilci ƙugiya da alama, kamar k', d', b' ko 'k, 'd, 'b, da 'y. Musanyawa tana yiwuwa, amma da tarko. Idan marubucin ya yi amfani da wannan alama ɗin wajen buɗe zancen wani, umarnin mayar da kowace 'y zuwa ƴ zai ba da:

(6) 'ya'ya → ƴaƴa (daidai)
(7) Ya ce, 'yau zan tafi' → Ya ce, ƴau zan tafi' (kuskure)

Saboda haka sai an fara tsame alamomin zancen wani, an mayar da su wata siga, kafin a taɓa baƙaƙe.

Hali na huɗu shi ne mafi muni, watau inda ƙugiya ta ɓace ɗungum. Babu umarnin da zai dawo da ita, domin ƙugiya a Hausa ma'ana take bambantawa:

(8) kara / ƙara. Kafa / ƙafa. Kasa / ƙasa. Fada / faɗa. Baki / baƙi. Da / ɗa

Akwai kalmomin da ba su da abokiyar rikici, kamar wadanda, karkashin, bangare, kungiya. Waɗannan ana iya tara su a jeri a gyara su gaba ɗaya. Sauran sai mai jin harshen ya duba kowace jimla. Ƙwararren mai karatu yakan cike gurbin da kansa ba tare da ya lura ba, shi ya sa marubutan waya ba su damu ba. Sabon mai karatu kuwa harafi harafi yake bi, abin da ya gani shi yake furtawa. Mu ɗauki ƙasidar da ke bayyana wa manoma da makiyaya dokar 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ko Dokar Karkara ta 1993, ko dokar kiwo ta 2010, batutuwan da suka shafi rayuwar mutanen Dakoro kai tsaye tun da yankin nasu mahaɗar gona da makiyaya ne. Idan aka rubuta cewa wanda aka yi wa ɓarna ya kai kara gun sarki, an aike shi da karan dawa ne, ba da koke ba.

4.3 Hamza

Hamzar da ke cikin jama'a, sa'a, ma'aikaci baƙi ce kamar sauran baƙaƙe, amma manhaja tana ɗaukar ta alamar rubutu. Word yakan lanƙwasa ta da kansa, wani lokaci hagu wani lokaci dama, har a sami kalma ɗaya da siffa uku a littafi ɗaya, wanda ya nemi ɗaya ba zai ga sauran biyun ba. Unicode ya keɓe lamba U+02BC domin hamzar da take harafi. Ko ita aka zaɓa ko wata, abin da ya wajaba shi ne a tsaya a kan guda, a kuma kashe gyaran kai-tsaye na manhaja kafin a zuba rubutu. Ga na'urorinmu da aka saita da Faransanci akwai ƙarin dalili: sukan cusa fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu, su kuma sauya alamar zancen wani zuwa ta Faransanci, alhali ƙa'idar Hausa ba ta nemi haka ba.

4.4 Sauran harsunan gundumar da rubutun bincike

Dakoro ba ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Akwai Fulani da Buzaye, kuma cibiya ɗaya tana iya bukatar ƙasida ɗaya cikin harsuna uku. Fulatanci yana tarayya da Hausa a ɓ, ɗ, ƴ, ya ƙara da ŋ. Tamajak yana da ɣ, da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa, da wasalin ǝ. Wannan wasali yana da tagwaye a Unicode, U+01DD da U+0259, masu kama ɗaya a ido amma manyansu daban, Ǝ da Ə. Idan aka gauraya su, neman kalma da jera ƙamus duk sun lalace.

Haka nan rubutun bincike mai alamun karin sauti. Wasali kamar à ana iya ajiye shi da lamba ɗaya, ana iya ajiye shi da biyu, wasalin da alamarsa. Ido ba ya bambanta su, na'ura tana bambantawa. Sai a daidaita fayil duka a kan hanya ɗaya tun kafin a fara ƙidayar kalmomi.

5. Layi da sakin layi

5.1 Haɗe layuka

Yawancin littattafan rubutu tsura an yanke kowane layinsu a wajen harafi na 70, aka sa alamar ƙarshen layi. Manhajar sarrafa rubutu tana ɗaukar kowace irin wannan alama a matsayin ƙarshen sakin layi. Ƙasida mai shafi 40, kowane shafi da layi 30, za ta zo da sakin layi 1200 na ƙarya. Da zarar an ƙara girman haruffa domin sababbin masu karatu, sai shafi ya zama dogon layi, guntun layi, dogon layi, guntun layi.

Gyaran mataki uku ne, kuma jerinsu ba ya sauyuwa. A Word alamar ƙarshen sakin layi ita ce ^p. Da farko a musanya ^p^p, watau ainihin rabuwar sakin layi, da wata alamar da babu ita a littafin, kamar @@. Na biyu a musanya kowace ^p da ta rage da fili guda. Na uku a mayar da @@ zuwa ^p. Wanda ya fara da mataki na biyu zai wayi gari da littafin duka ya zama sakin layi ɗaya.

Kafin a yi haka sai an killace wuraren da yankewar layi take da ma'ana: waƙoƙi, kirari, jerin karin magana, kacici-kacici da amsarsa, zancen ƴan wasan kwaikwayo, da jadawalin lissafi. Waƙar da aka haɗe layukanta ta rasa ɗangonta da amsa-amonta a ido, kuma ba kowa ke iya sake yanka ta daidai ba.

5.2 Karan ɗori

A tsofaffin bugu ana raba kalma a ƙarshen layi da karan ɗori. A Faransanci ana iya share mafi yawansu ba tare da asara mai yawa ba. A Hausa karan ɗori yana da aiki a ginin kalma, musamman a ninki da harɗaɗɗun kalmomi:

(9) maka-/ranta → makaranta (a share)
(10) tafiye-/tafiye → tafiye-tafiye (a bari)
(11) faɗi-ka-/mutu → faɗi-ka-mutu (a bari)

Hanyar da ta fi aminci ita ce a sa na'ura ta nuna kowane karan ɗori da ya zo a ƙarshen layi, mutum ya yanke hukunci a kan kowane, kuma a yi haka kafin haɗe layuka, domin bayan an haɗe ba a sake sanin wane ne ya zo a ƙarshen layi.

6. Dawo da tsari

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne yi wa kan babi ado da hannu: a zaɓe shi, a ƙara masa girma, a kaurara shi, a tura shi tsakiya da fili. Ido zai ga kan babi, na'ura ba za ta gani ba. Hanyar da ta dace ita ce amfani da abin da manhajojin ke kira salo, watau suna da ake liƙa wa kowane yanki: kan babi, ƙaramin kai, gundarin rubutu, baiti, misali, tambayar darasi. Kamannin kowane salo a wuri ɗaya ake ƙayyade shi. Idan aka so fitar da bugu biyu, ɗaya mai manyan haruffa domin ajin farko, ɗaya mai matsakaita domin waɗanda suka yi nisa, gyara ɗaya ya wadatar, kuma jerin abubuwan da ke ciki da kansa zai fito. Darasin aikin DiLAF ma ke nan ta ɗaya fuskar: salon da aka liƙa wa sassan kowace kalma a kundin asali shi ya ba na'ura damar raba kalma da ajinta da ma'anarta da misalinta.

Ga littattafai masu yawa akwai gajeriyar hanya. Ana iya sa ƴan alamomi a cikin rubutu tsuran kansa bisa tsarin Markdown na 2004, alal misali # a gaban kan babi, ## a gaban ƙaramin kai, sa'an nan manhajar Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara a 2006, ta fitar da DOCX ko ODT da salonsa a shirye, bisa samfurin da aka ba ta. Kyauta ce, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Sai dai ita ma takan lanƙwasa alamomi da kanta, don haka sai an gama da hamza tukuna.

Game da zubin haruffa, a zaɓi wanda ya ƙunshi baƙaƙe masu ƙugiya ƙanana da manya. Idan babu su, manhaja takan aro su daga wani zubi, sai ƙ ta fito ta fi maƙwabtanta kauri ko tsawo. Zubin Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman domin masu koyon karatu, da Charis SIL, duka sun ƙunshi haruffan harsunanmu, kuma ana rarraba su kyauta.

7. Ƙa'idar rubutu da karin harshe

Sai bayan an gama duk wannan ake taɓa ƙa'idar rubutu. Rubutun Hausa a Nijar ya ratsa zamani uku. Bayan taron UNESCO na Bamako a 1966 an riƙa ninka dogon wasali, ana kuma rubuta tagwan wasali da ay da aw. Sunayen Gangaa da Saabon Ra'ayii shaida ne. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya. Sa'an nan dokar ministan ilimi mai lamba 0212 ta watan Oktoba 1999 ta tsayar da ƙa'idar da makarantu ke bi.

Mayar da rubutun zamanin farko zuwa na yanzu yana da nasa tarkon. Rage aa zuwa a yana yiwuwa da umarni ɗaya, amma da sharaɗin hamza tana nan. Idan ta faɗi a hanya, sa'a ta zama saa, daga nan ta zama sa. Mayar da ay zuwa ai da aw zuwa au kuwa a ƙarshen gaɓa kawai yake halatta:

(12) may → mai. Kay → kai. Yaw → yau (daidai)
(13) kaya → kaia. Dawa → daua (kuskure)

Rabon kalmomi, kamar ya na da yana, ko ma sa da masa, sai da nazarin jimla. Muna kuma jan hankalin masu bincike ga abu ɗaya: rubutun mai ninkin wasali yana ɗauke da bayanin tsawon wasali wanda ƙa'idar yanzu ba ta nunawa. Taska ce ga mai nazarin sauti da mai haɗa ƙamus. A sabunta kwafi, a bar asali yadda yake.

Saura karin harshe. Hausar Gobirawa da Adarawa da ake ji a Dakoro ta yamma ce: sunka zo a madadin suka zo, hwata a madadin fata, biyat a madadin biyar, ɗiya a madadin ƴa. A tatsuniya, da waƙa, da tarihin baka, waɗannan siffofi su ne shaidar da ake nema, gyara su ɓarna ce. A littafin koyarwa kuwa daidaitacciyar Hausa ake bi a nahawu da rubutu, amma kalmomi da misalai sai su zama na wurin. A nan ne fa'idar kundi mai gyaruwa take fitowa fili. Darasin lissafin da aka rubuta a Kano da naira da mudu ba ya yi wa mai sayar da gero a kasuwar Dakoro amfani sai an mayar da shi tiya da dala da jika, a kuma tuna cewa dala ɗaya tamma 5 ce, don haka abin da aka rubuta 500 a jikin kuɗi dala ɗari ake kiran sa, jika kuwa 1000. Wannan ba musanyar kalma ba ce kawai, sai an sake lissafin kowace tambaya da amsarta.

8. Jerin aiki da shawarwari

Daga abin da ya gabata, jerin matakan shi ne:

1. A ajiye asalin fayil, a yi aiki a kan kwafi.
2. A gano asalinsa da tsarin lambobinsa, a mayar da shi UTF-8.
3. A tsame alamomin zancen wani, a daidaita hamza, a dawo da ƙugiya.
4. A killace waƙoƙi da jadawali, a tantance karan ɗori, a haɗe layuka.
5. A liƙa salo, a fitar da kundi.
6. A sabunta ƙa'idar rubutu, a daidaita misalai da wurin.
7. Mutum biyu su yi bitar ƙarshe, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin sabon kundi da ido.

Ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci muna ba da shawara huɗu. Ta farko, a yi samfurin kundi guda na ƙasa, da salonsa da zubin haruffansa, a raba wa ofisoshin gundumomi, domin ƙasidar Dakoro da ta Madarunfa su iya musayar shafi. Ta biyu, a tara jadawalan tsofaffin zubin gida a wuri ɗaya tun waɗanda suka yi aiki da su suna nan, haka nan jerin kalmomi masu ƙugiya marasa abokiyar rikici. Ta uku, kowane kundi ya zo da ɗan bayani a farkonsa: inda aka samo shi, shekarar asali, irin gyaran da aka yi masa, da izinin mai shi. Samun littafi a waya ba ya nufin marubucinsa ya yafe haƙƙinsa, kuma labaran da ke yawo a WhatsApp suna da masu su. Ta huɗu, a ajiye kowane littafi a siga uku: rubutu tsura mai tsabta na UTF-8 domin taska, kundi mai gyaruwa domin aiki, da PDF domin maɗaba'a, tun da shi ne ke riƙe zubin haruffa a cikinsa duk inda aka kai shi.

9. Kammalawa

Mun ga cewa abin da na'ura ke yi da kanta a wannan aiki kaɗan ne, kuma kowane umarnin musanya yana dogara ne a kan wani sani game da Hausa: cewa ƙugiya da hamza suna bambanta ma'ana, cewa karan ɗori yana gina kalma, cewa y da w suna iya buɗe gaɓa suna iya rufe ta. Don haka horar da ma'aikatan gundumomi a kan kwamfuta kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa shi da horo a kan ƙa'idar rubutu da ginin kalma. Idan aka yi haka, rubutun da aka tara tun daga zamanin sitansil zai iya komawa hannun waɗanda aka yi shi dominsu, cikin haruffan da aka koya musu da misalan da suka sani.